Buta ta Shida

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Wasu sun turo saƙo cewa na cika kawo zancen waya da soket a labarin da suka zo karantawa don soyayya. Ku ƙara haƙuri da ni yau. Abin da ya faru ranar Talata ba zai fahimtu ba sai na bi da ku ta kan waya.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Lauratu, shekarata ashirin da bakwai, 'yar Gwammaja ce a Kano. Lantarki na karanta. Shekara uku na yi ina kai takardu ofis-ofis, ana duban hijabina ana tambaya ko zan iya hawa tsani. Wata takwas ke nan da na zo Guangzhou ta ƙasar China wajen yayana Ghali, wanda ke tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Takardar zamana ta kamfaninsa ce, amma sana'ar tawa ce ni kaɗai, kuma kashi biyu ce. Ina shiga gidajen matanmu na unguwar Xiaobei in gyara musu soket da fanka da injin wanki, don da yawansu ba sa son namiji ya shigo maigida yana kasuwa. Na biyu shi ne wanda na ɗora wa rai: gwada kayan wuta kafin a loda su a kwantena. Dutsen guga, buta, injin markaɗe, duk abin da ake soka wa filogi.

Jarina na'ura ce guda ɗaya mai girman burodin yanka, da mita, da sukundireba, da naɗin sitika kore. A jikin kowace an rubuta AN GWADA, sai sunana da lambar wayata, da gurbin kwanan wata. Dubu biyar na buga. A wata takwas na liƙa ɗari biyu da goma sha biyu. 'Yan kasuwarmu ba su ga amfanin aikin ba. Gwajinsu ɗaya ne: a soka, fitila ta kama, a ce ta yi.

Sai Abdulbaƙi. Ɗan Fagge ne, shekararsa shida yana safarar kayan kicin. Shi ne namiji na huɗu da ya nemi aurena, kuma shi kaɗai ne bai tambaye ni ranar da zan ajiye sukundireba ba. Injiniya yake kirana, ba da zolaya ba. An kai kuɗin gaisuwa gidanmu wata biyu da suka wuce. Ina son sa. Na faɗa sau ɗaya, ba sai na maimaita ba.

Kuskurena ya fara ne wata Lahadi bayan la'asar, a falon Yaya, hawa na goma sha huɗu. Abdulbaƙi ya zo cikin shadda ruwan toka da hula mai zanen baƙi, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa daga lifta. Ni kuma atamfa ce a jikina, shuɗiya mai ganye, wadda Anti Humu ta tilasta min sawa. Anti Humu matar Yaya ce, 'yar zangon Kumasi ta Ghana, mace mai hannu a girki da saurin dariya. Ta yi mana shinkafa da wake irin nasu da yajin nan baƙi mai kifi. Bayan an ci, ya ɗora kwali a kan teburin gilas, ya fito da butar lantarki ta ƙarfe, fara tas, mai cin lita biyu.

"Samfur ne," ya ce. "Akwai wata Hajiya a Kano da ke haɗa kayan ɗakin amare. Tana son dubu uku da ɗari shida. Amma bara wani ya kawo mata dutsen guga ya cinye labulen wata amarya, shi ya sa ta ce ba za ta karɓi komai ba sai da shaidar gwaji a jikin kowanne. Na ce mata ai mai shaidar a gidana za ta zauna."

"Tukuna dai," in ji Yaya. Aka yi dariya.

Na ɗauko na'urata a gabansu. Wayar butar mai kauri ce, jijiya uku. Na gwada wayar ƙasa, wato ta ukun nan da ke kwashe wuta idan ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe. Lafiya. Na cika ta da ruwa, ta tafasa, na sake aunawa da zafinta. Lafiya. Na ɓare sitika na liƙa mata, Abdulbaƙi yana ɗaukar bidiyo, Anti Humu tana guɗa a hankali don maƙwabtanmu 'yan ƙasa ba sa son hayaniya.

"Wannan ko a ɗakina zan sa ta," na ce.

A kan wannan maganar ya ba masana'anta umarnin su buga. Na san samfur daban, kaya daban. An koya mana, na kuma gani da idona. Ban faɗa ba, saboda yana kallona yana murmushi kuma ban so in ɓata yammacin.

Ranar Talata aka sa za a yi lodi. Dole kwantenar ta shiga tashar jiragen ruwa ta Nansha kafin azahar ɗin Laraba, in ba haka ba jirgin ya tafi, kuma na bayansa ba zai kai kayan Kano ba sai an gama bukukuwan da Hajiyar ke jira. Da na idar da asuba na tarar da saƙon murya daga Umma, wanda ta turo kafin ta kwanta.

"Laure, tsarabar yaron nan ta iso jiya, Allah ya yi masa albarka. Na ji gobe za ki duba masa kaya. To ki duba da idon rahama. Kar ki je ki yi masa wannan taurin kan naki na gidan ubanki. Sa'anninki duk suna da 'ya'ya uku-uku, ke kina yawo da jakar makanikai. Wannan da ya ce ya ji ya gani, ki riƙe shi."

Tsaraba na ɗauka yadi ne da turare, irin wadda ya saba aikawa ta hannun masu komawa gida. Ban tambaya ba.

A kan shayi Yaya ya ɗora nasa. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Mota za ta zo ƙarfe uku. Kwali ɗari uku ne. Ki buɗe biyu na gaba, ki soka, ki raba wa ma'aikata sitika su liƙa. Haka kowa yake yi."

"Yaya, in haka kowa yake yi, me ya sa za a kira ni?"

"Don sitikar. Kin ɗauka don kyanki ne?"

Anti Humu ta turo min ƙwai. "Bar ta, yau ranarta ce. Sunanta zai shiga ɗakin amare dubu uku. Ya yi kyau paa."

Na sa kayan aikina: wando mai kauri, riga zuwa gwiwa, ƙaramin hijabi da ba ya lilo kusa da waya, takalmi mai ƙasan roba. Da na ɗauko naɗin sitika daga durowa na ga bakinsa a yage ba yadda nake yagewa ba. Na lura, na wuce. A cikin jirgin ƙasa saƙon Abdulbaƙi ya shigo: "Injiniya, na sayo alƙalami goma don rubuta kwanan wata. Kar hannunki ya gaji, ina buƙatarsa ranar lalle." Na karanta sau uku. Na amsa da "Allah ya kai mu."

Siton da aka ajiye kayan yana bayan gari, rumfar kwano ce mai tsawo, zafi a ciki kamar gidan burodi. Kwalayen a jere sun fi tsayina sau biyu. Abdulbaƙi yana nan da ƙananan kaya, da takalmi sau-ciki. Tare da shi akwai wakiliyar masana'antar, Madam Fang, gajeriyar mace mai laima da waya biyu. Ta riga ta sa an sauko da kwali biyu na bakin ƙofa, an yanke musu salatif, an jera butocin a kan tebur kamar kayan lefe.

Na gwada huɗu daga ciki. Duk lafiya, irin samfur sak. Abdulbaƙi ya cire murfin alƙalami.

"Ina son na tsakiya," na ce.

Madam Fang ta yi dariya, ta dubi Abdulbaƙi. "Lawban, duk ɗaya ne. Meyo wanti." Wato maigida, babu matsala. Kalmomin nan biyu su ne farkon abin da kowane ɗan kasuwa ke koya a garin nan.

Masana'antun sun san mu. Sun san Bahaushe kwalin bakin ƙofa yake buɗewa, don yana jin nauyin ya sa a rushe jeri a gaban mai kaya, kamar ya ce masa maƙaryaci. Na jawo tsani na hau da kaina. Na nuna kwali biyar daga wurare daban-daban, mai motar ɗaga kaya ya zaro su yana gunguni. A gefe na ga wani kwali da ya fashe an ɗaure shi da salatif, rabinsa babu komai. Shi ma na lura, na wuce.

Tun kafin in soka ta farko hannuna ya gaya min. Wayar ta fi ta samfur siranta. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Ta biyu ja. Ta uku ja. Na ɗauki wuƙa na yanke waya ɗaya na fere ta. Jijiya biyu ce. Ƙafar filogi ta uku tana nan, doguwa, mai sheƙi, amma ba a haɗa ta da komai ba. Ado ce.

Na ware ashirin. Na riƙa cika kowace da ruwa har wuya, yadda mata ke cikawa, ba iya layin da aka zana ba. Na tafasa, na auna jikin ƙarfen. Ya ɗauke ni awa uku. Duka ashirin babu wayar ƙasa. Bakwai daga ciki, da zarar sun yi zafi, robar gindinsu tana saki, ruwa ya tsattsafa kan haɗin wuta, jikin butar ya ɗauka. A ta bakwai mitata ta nuna wuta volt ɗari da casa'in.

Yaya ya iso ƙarfe biyu da rabi, motar kwantena a bayansa. Ya dubi teburin, ya dubi fuskata.

"Nawa kika liƙa?"

"Ko ɗaya."

Na yi musu bayani a taƙaice. Madam Fang ta shiga magana da sauri a wayarta, ta dawo ta ce farashin da aka biya na waya biyu ne, samfur kuwa na nuni ne, kowa ya sani. Ta ɗauki buta ɗaya ta soka, fitila ta kama. Ta buɗe hannu tana nuna mana.

"Ga shi tana aiki," in ji Yaya.

"Tana aiki. Ban ce ba ta tafasa ruwa ba."

"To me kike so? Gidajen Kano nawa ne ma suke da wannan wayar ƙasan? Gidanmu akwai?"

"Babu. Shi ya sa robar ce kaɗai tsakanin mace da wuta, kuma robar tana saki."

Ya jawo ni gefe, ya rage murya. "Lauratu, ki saurare ni. Duk abin da yaron nan ya tara shekara shida yana cikin kwalayen nan. In kayan nan ba su tafi ba, ba shi da abin yin aure bana, ba shi da na baɗi. Ke kika ce masa ya buga. A falona kika faɗa, akwai bidiyo. Yanzu ki tsaya a gaban 'yan China ki kunyata shi? Me zan ce wa Umma?"

Gaskiya ya faɗa, ni na ce a buga.

Sai Abdulbaƙi ya matso. Ya zo ya tsaya a gabana, alƙalamin yana hannunsa har yanzu.

"Injiniya, bakwai kika ce cikin ashirin. Sha uku lafiya."

"Sha uku ba su saki yau ba."

"Na sayar da buta ta fi dubu ashirin a rayuwata. Ban taɓa gwada ko ɗaya da na'ura ba. Ba wanda ya taɓa dawo min da gawa."

"Wa zai dawo maka da ita? Cewa za a yi wuta ta ja ta, kwana ya ƙare. Ba mai duba gindin buta."

"Ki liƙa wa wannan, na yi miki alkawari na gaba ke za ki zauna a masana'antar tun daga waya ta farko." Muryarsa ta sauka. "Ban taɓa roƙonki komai ba."

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba. Hannuna ya shiga jaka ya taɓa naɗin. Na lissafa: sitika dubu uku da ɗari shida, aikina na farko mai girma, sunana a bakin 'yan kasuwa, ɗakina, Umma ta huta da gorin dangi. Na kuma ce wa kaina wataƙila ba abin da zai faru. Mutane da yawa suna taɓa wuta ta jefar da su su tashi.

Abin da ya tsayar da ni takalmin Madam Fang ne. Roba ne. Na Yaya roba, nawa roba, ƙasan siton busasshe. Duk wanda ya taɓa gwada butar nan a tsaye yake a kan roba. Na tuna kicin ɗinmu na Gwammaja: siminti, kullum a jiƙe da ruwan wanke-wanke, kuma ba mai shiga da takalmi.

Na ɗauki bokiti na kwara ruwa a ƙasa gaban teburin. Na cika ta bakwai ɗin, na soka, na jira ta fara kuka.

"Amarya ba ta shiga kicin da sau-ciki," na ce. "In ka yarda da ita, cire takalminka ka ɗauke ta. In ka ɗauka, zan liƙa."

Na faɗa ne don ya ja da baya. Ban san shi ba ashe. Ya dube ni, ya sunkuya ya cire takalmi, ya cire safa ya cusa a ciki kamar zai shiga masallaci. Ya taka ruwan. Ya miƙa hannu, kuma ba hannun roba ya nufa ba, murfin ƙarfen ya nufa, don ya ga ya ɗan karkace.

Na fizge filogin daga bango. Tsakanin yatsunsa da ƙarfen bai kai faɗin katin waya ba.

Na mayar da filogin, na ɗora tsinken mita ɗaya a murfin, ɗaya a ruwan da yake tsaye a ciki, na juya masa fuskar mitar. Ya karanta. Ya ja da baya a hankali har ya fita daga ruwan.

"Da gaske kike," ya ce.

"Da can wasa ka ɗauka nake yi?"

"Na ɗauka irin ta masu ilimi ce. Abu kaɗan ku ce haɗari."

Yaya ya duba agogo. "To an ji. Direba yana jira. A loda ba sitika, in ya so a nemi wani mai saye a Kano."

Abdulbaƙi bai ce a'a ba. Wannan ma sai na rubuta, don haka aka yi. Ya tsaya yana kallon kwalayen, motar ɗaga kaya ta ɗauki jerin farko ta shiga da shi kwantena, ta dawo ta ɗauki na biyu.

A lokacin wayata ta yi motsi. Ƙarfe uku da minti huɗu a nan, takwas da minti huɗu na safe a Kano. Hoto ne daga Umma. Buta fara tas a ƙasan kicin ɗinmu, kusa da turmi. A jikinta sitika kore da sunana. A ƙasa saƙon murya na daƙiƙa tara: "An kawo wuta yau da sassafe. Bari in sha shayin surukina. Ga sunanki nan a jiki, na nuna wa kowa."

Na juya wa Abdulbaƙi wayar. "Wannan daga ina?"

"Tsaraba ce. Kwali ɗaya ya fashe ranar da aka sauke kaya, na ɗebi shida na ba wata Hajiya da za ta koma." Ya tsaya. Ya waiga wajen kwalin mai salatif. "Daga tsakiya ya faɗo."

"Sitikar fa?"

Yaya ne ya amsa, a hankali. "Humu ce. Ta ce Umma ta ga sunanki ta ji daɗi."

Na kira Umma. Ta yi ta ringi har ta katse. Na san inda wayar take: a kan gado, ƙarƙashin filo, inda take jefa ta in ta gama saƙo. Na sake kira. Na kira ƙanwata, tana makaranta, a kashe. Na sake kiran Umma. Buta mai lita biyu tana ɗaukar minti shida kafin ta tafasa, robar kuma tana saki ne wajen minti na huɗu. Na auna wannan sau ashirin a ranar. Na riƙa kallon agogon wayar ina kira. Na huɗu. Na biyar. Na ji bakina yana karanta addu'ar da ban san na fara ba. Abdulbaƙi yana gefe yana neman lambar wani abokinsa mai shago a bakin layinmu.

A kira na takwas ta ɗauka.

"Ke lafiya? Ina kicin kina ta..."

"Umma, kin taɓa butar?"

"Yanzu dai zan juye, ga ta can tana ta tururi. Akwai sauri kam."

"Kar ki koma kicin ɗin. Ki je zaure ki kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita. Ki sa takalmi tukuna. Ina kan layi."

"Wai me ya faru?"

"Umma, don Allah."

Na ji tafiyarta, na ji ƙarar silifas, na ji ƙofar zaure. Na ji tak. Ta ce ta kashe. Na zauna a kan kwali. Na gaya mata ta zare filogin, ta zubar da ruwan, ta yanke wayar da wuƙa don kar wani ya gwada.

"Sabuwar buta? Da sunanki a jiki?"

"Ba ni na liƙa ba. Ki haɗa duka shidan ki kulle a ɗaki."



"Wane shida? Laure, tsaraba ce fa. Ya za a yi suruki ya aiko abu in zauna a kansa ni kaɗai? Ɗaya na ɗauka. Biyar ɗin tun jiya na raba."

Bakwai cikin ashirin. A shida, biyu ke nan.

Na karɓi alƙalamin daga hannun Abdulbaƙi, na juya wani kwali. "Faɗa min su, ɗaya bayan ɗaya."

Inna Rukaya ta Kurna. Matar liman. Halimatu Sadiya ta gidan da ke kallon namu, da ta tare watan jiya. Gwaggo Fadilatu. Duk muna da lambarsu. Ina rubutawa Yaya yana kira, ya manta da direba. Cikin minti ashirin an samu huɗun. Uku ba su buɗe kwali ba. Halimatu Sadiya ta dafa ruwa da tata sau biyu, ta ce ta ji kamar tana ɗan cizo, ta ɗauka sabunta ce.

"Ta shidan fa, Umma?"

"Ita ce nake tunani. Wata baiwar Allah ce, dangin kishiyar kakarku, daga wajen Ringim. Ta kawo mijinta asibiti, ta sauka a nan kwana biyu. Ta ga butar ta yi ta shafawa, ta ce bara aka kai musu wuta ƙauyensu, ga 'yarta ta haihu satin jiya, da ta samu irin wannan da ta huta da hura itace don ruwan jariri. Na ji kunya na ba ta. Jiya da yamma suka koma."

"Sunanta?"

"Maman Munkaila muke ce mata."

"Lambarta? Sunan ƙauyen?"

"Ba ta da waya. Ƙauyen kuwa ta faɗa, wallahi ya fita a kaina. Kakarku ce ta san su, ita kuma ta rasu."

Na rubuta Maman Munkaila a jikin kwalin, na ja layi a gabansa, ban sami abin ɗorawa a kan layin ba.

Abdulbaƙi ya taka har bakin kwantenar, ba takalmi, ya ɗaga wa mai motar hannu. Ya ce a sauke abin da aka loda. Madam Fang ta bi shi tana lawban, lawban, bai waiga ba. Daga nan Abdulbaƙi ya kira wansa a Fagge, na ji yana cewa ya bar shago ya ɗauki mota ya kama hanyar Ringim yanzu, ya bi masu unguwanni da masu kemis, ya tambayi gidan da aka yi haihuwa satin jiya.

Ya dawo ya tsuguna a gabana, ƙafarsa duk ƙurar sito.

"Jirgin ya wuce ni," ya ce. "Ban san abin da zan fitar daga hannun mutanen nan ba. Wataƙila babu. In na tashi ba ni da ko kwali ɗaya, maganarmu tana nan?"

"Jeri biyu ka bari aka loda bayan ka ga mita."

"Na bari."

"Nemo min butar tukuna."

Yau Alhamis. Wan Abdulbaƙi ya shiga ƙauye tara, ya sami Munkaila huɗu, ba wanda uwarsa ta je Kano. Anti Humu ba ta fito daga ɗaki ba sai don salla. Umma ta daina yi min zancen aure, tana ta kiran tsofaffin dangi. An ce min yankin ba su da wuta tun Litinin, kuma ban taɓa roƙon Allah ya tsawaita rashin wuta ba sai wannan makon.

Shi ya sa na rubuto yau, ba Asabar ba kamar yadda na saba. A cikinku akwai 'yan Ringim, na sha ganin gaisuwarku a ƙasan rubutuna. Ana neman wata dattijuwa, Maman Munkaila, mijinta bai da lafiya, 'yarta tana jego. A ɗakin akwai butar lantarki ta ƙarfe, fara, mai lita biyu, da sitika kore a jikinta da ta ce an gwada. Ba a gwada ba. Wanda ya gan ta ya zare filogin kafin ya yi sallama da kowa, ya yanke wayar. Lambar da ke jikin sitikar tawa ce, kuma wayar tana hannuna.